Da Itace Muka Rufe Ka, Malam Mudassir

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Laraba, tara ga watan Safar, ana tsakiyar marka, Allah Ya karɓi ran Malam Mudassir na Ƙofar Marusa, bayan jinyar wata huɗu. Wasu a lasifikar masallaci suka ji, wasu a waya. Ni kara aka kawo mani. Haka mu masu haƙar kabari muke jin mutuwa: a gwada mamaci da karan dawa, a aiko mana, mu shimfiɗa shi a ƙasa mu shata. Na karɓa na ce na wa ne, aka ce na Malamin Daji. Sai da na nemi wuri na zauna.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ɗiyata Maryam ke rubutawa ina faɗa, na kuma ce kar ta gyara mani ko kalma guda. Malam, an yi ta yabonka a rediyo, har da waɗanda ba su taɓa ɗauka maka bokiti ba. To ni ma bari in faɗi tawa, tunda duk garin nan babu wanda ya kai ni daɗewa yana faɗa da kai, kuma a hannuna ka bar wasiyyar cewa kar a ɗora itace ko ɗaya a kabarinka.

Shekara goma sha biyu ke nan da ka bar aikin gandun daji, ka dawo gida ka hana mu sakat. Ranar farko bisa bishiyar bedi ka iske ni da gatari, a maƙabartar unguwa. Tun kakanninmu haka ake yi: in an sa mamaci a ramin ciki, a jera itace a bisa, a sa ganye, a shafe da laka, sannan a tura ƙasa. Ka ɗaga kai ka gaishe ni har da tambayar iyali, sannan ka ce, "Baba Ɗanliti, gawa ɗaya itace nawa take ci?"

Na ce sha biyu, in dogo ne sha huɗu.

Ka ce, "A shekara fa, gawa nawa?"

Na ce ka je ka tambayi Mala'ikan Mutuwa, ni leburansa ne kawai.

Ka yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba.

Daga nan ka kafa ƙungiyarka ta dashen itatuwa. Ka bi zaurukan malamai har Liman ya faɗa a masallaci cewa ɗanyen tubalin ƙasa shi ne asali wajen rufe kabari, ya ma fi itace. Aka kira taron kwamitin maƙabarta. A nan ne Alhaji Rilwanu, shugaban kwamitin, ya dube ni gaban jama'a ya ce jahilci ke damuna, kuma wai rabin itacen da nake sara wurin masu tuwo-tuwo yake ƙarewa. Ni da na binne ubansa da hannuna, cikin azumi. Kai kuwa kana zaune ka sunkuyar da kai ba ka ce uffan ba. Wannan shirun naka, Malam, har yau ban manta da shi ba. Shi kuwa Alhaji, tun ranar ko sallamarsa a ciki nake amsawa.

Amma ba zan hana ka haƙƙinka ba. Ka sa kafinta ya yi maka ma'auni, ka zauna cikin rana kana cuɗa laka da ramno, busasshiyar ciyawar nan ta gini, kana buga dogon tubali mai faɗi. Na farko suka tsage, na biyu suka karye. Ina zaune a inuwa ina kallo, ina jin daɗi. Da ka dace da wanda ya tsaya, ka zo ka durƙusa gabana, kai da ka yi babban aiki a gwamnati, ka ce in rage faɗin ramin ciki da yatsa huɗu don tubalin ya zauna. Na ce ba a koya wa kare haushi. Shekara uku ina haƙa yadda na gada, kana zuwa kana gaishe ni kamar ba a yi ba.

Ka kai wa matata Hafsat murhun nan mai cin itace kaɗan, don ka ji tana tari in tana girki. Na ɗauke shi na ba kaza ta yi ƙwai a ciki. Da na fita, ta kori kazar ta ɗora tukunya. Hafsat ba ta warke ba, hayaƙin shekara arba'in ba ya fita da murhun wata shida. Ranar da ta cika hannuna ya ƙi riƙe diga. Kai ka tuɓe riga ka shiga ramin, tafin hannunka ya ɗaɗɗaye, kuma ba ka ce da ni tubali ko itace ba. Ka tsaya kana jirana. Ni da bakina na ce a ɗauko tubalin. Daga ranar ban sake hawa bishiyar maƙabarta ba, kuma ban taɓa ce maka ka yi gaskiya ba.

Kullum maganarka ita ce duniya na ƙara zafi saboda hayaƙi da saran daji. Na ce zunubi ne ya yi yawa. Ka ce ai saran ma zunubi ne. Ni dai abin da na sani na ƙasa ne. Da ƙuruciyata ko a bazara in na yi gaba guda ina taɓa danshi. Yanzu diga tsalle take kamar ta daki dutse, kuma in zafi ya tsananta tsofaffi ake kawo mani bi da bi. In ruwa ya tashi zuwa kuma, sai ya zo kamar da gayya, na wata guda a kwana biyu.

Ka yi yawon ofisoshi har takalminka ya cinye, ka samo famfo mai aiki da hasken rana aka ɗora a rijiyar maƙabarta. Matan unguwa suka huta da guga. Aka sace farantin hasken ranar, ka nemo wani, aka sake sacewa. Sai ka koma ja da hannu, kai da farin gemunka. Ka dasa maɗaci da marke da tsamiya sun fi ɗari uku, ka kewaye kowanne da ƙaya. Awaki suka ci nasu, fari ya ci nasa, tamanin da wani abu suka tsaya. 'Yan ƙungiyarka kuwa, masu rigunan nan kore, ranar dashe ake ganinsu in akwai mai hoto. Ranar ban ruwa daga kai sai ni, ni ma don in samu wanda zan yi wa gardama nake zuwa.

Da ciwo ya kwantar da kai na je dubiya. Ka kama hannuna ka ce, "Baba, in ta zo, tubalina yana rumfa. Kar ka bari a zubar da bishiya saboda ni." Na ce ni zan riga ka, ka daina surutu.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Da damina ta kama, iska ta ɗage kwano biyu a rumfar da muke ajiye tubali. Ka ji labari kana kwance, ka sayi tamfol, ka ba Alhaji Rilwanu da ya zo dubiya, ka ce ya kawo mani in rufe. Ya tsaya a mota ya danna mani oda, ya miƙo ta taga. Na juya baya. Na ce in Malam na da saƙo ya san ƙofar gidana, alhali na san ko zama ba ka iya yi. Shi kuma girman kai ya hana shi fitowa ya taka taku ashirin ya rufe da kansa. Tamfol ya koma bayan mota. Na ce a raina gobe zan nemo buhuna in rufe. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa.

Kwana uku kafin rasuwarka sama ta buɗe ba ta rufe ba. Katangar maƙabarta ta gabas ta zube. Da aka kawo karanka na nufi rumfa, na iske tubali sama da ɗari sun zama kunu. Na tona da hannu ko zan samu goma masu rai. Ko ɗaya.

Na aika wurin masu itace, aka ce sai faskare, gajeru, dogayen ba su shigo ba don hanya ta yanke. Aka kawo ka bayan Azahar, jama'a har bakin titi. Na ce a ba ni lokaci kaɗan in je gida da kurar turawa in zaro azarar tsohon ɗakina da ya faɗi. Aka dubi gabas, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ruwa na tsattsafowa a ramin. Liman ya ce, "Baba, gawa ba ta jira. Wasiyya tana bin iko ne." Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Kafin in buɗe baki, masu koren riga sun aro adduna sun auka wa tsamiya, suna ɗaɗɗatsa ta ko'ina, ba su ma san ba ta da miƙaƙƙen reshe ba. Na ga za su kashe biyar kafin su samu abin rufe mutum ɗaya. Na ce su kauce. Na ɗauko gatarin da na jingine shekara tara, na zaɓi maɗaci biyu, miƙaƙƙu, kaurin cinya, cikin na farkon da ka dasa. Na sare su daga gindi. Guda sha uku na fitar. Ni na jera maka su.

Yau kwana goma sha shida. An kawo mani gawa bakwai, an zubar da bishiya goma sha ɗaya. Duk wanda na ce wa kar ya sara, sai ya ce, "Shi Malamin Dajin da me aka rufe shi?" Ba a buga tubali cikin marka, kuma kafin rani ya zo mutane sun koma hannun da suka saba. In kututturan sun toho, ga katanga a ƙasa, ga awaki. 'Yan ƙungiya sun yi taro sun ce za su dasa dubu don tunawa da kai, an tafa masu. Na san wanda zai yi ban ruwan, shekarunsa saba'in da takwas, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa. Ina ganin kafin azumi biyu maƙabartar nan za ta koma fili fetal, yadda ka iske ta ko fiye.

Ranar addu'ar uku na shiga gidanka. Mai ɗakinka, Hajiya Ladi, tana takaba. Ta ji muryata ta bayan labule ta ce, "Baba Ɗanliti, an ce mani da tubalinsa aka rufe shi. Haka ne?" Mata ba su zuwa maƙabarta, abin da maza suka dawo da shi suke riƙewa. Alhaji Rilwanu na gefe yana ƙifta mani ido. Na ce, "Allah shi jiƙan Malam," na ɗauki takalmina.

Hajiya, ba haka ba ne. Da itace aka rufe shi, cikin itatuwan da ya raina da hannunsa, kuma ni na sara. Alhaji na da nasa kason, ba zan ɗauke mashi ba, amma ni aka ba amana. Na ce da Maryam kafin takardar nan ta je ko'ina ta fara kawo maki ta karanta maki ita daga farko. In kin yafe, Allah shi saka maki. In ba ki yafe ba, ba zan ce kin zalunce ni ba.

Ina yi maki ta'aziyya, ke da 'ya'ya da jikoki da dangi, da mutanen Ƙofar Marusa baki ɗaya. Allah shi ba ku haƙuri da dangana. Malam Mudassir, Allah shi jiƙanka, shi gafarta maka, shi yalwata makwancinka, shi sanyaya maka shi. Duk ɗigon ruwan da ka zuba a gindin bishiya Allah shi sa ka iske shi a mizani. Shirun da ka yi mani a taron nan na yafe yau, ko da yake na makara. Nawa laifin ya fi naka girma, kuma babu inda zan same ka in roƙa.

Allah shi sa mu cika da imani. Amin.

Ɗanliti mai haƙar kabari,
Ƙofar Marusa, Katsina.