Fuskar Baba da Auta ya zana

Babanmu mahauci ne a Komah, cikin Sokode, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tsayawa an ɗauke shi hoto don marmari ba. Na katin ɗan ƙasarsa ma ruwan sama ya cinye, tabo kawai ya rage. Shekaru bayan rasuwarsa, ina yi wa Mma tsifa, sai ta ce mini fuskarsa ta fara kuɓuce mata. Muryarsa tana nan, tarinsa yana nan, amma in ta rufe ido ta neme shi, hula da riga kawai take gani. Na ji tausayinta har hannuna ya tsaya a kanta.

To ai muna da mai zane a gida. Autanmu yana Lome, inda ake ce masa artis. A zanensa ba ka ganin mutum, ba ka ganin ko akuya, launi ne a watse kamar an ɓarar da miya a tabarma. Turawa su tsaya a gaba su riƙe haɓa, shi kuma ya yi ta zuba musu labarin tushensa, da duwatsun arewa, da kiɗan kakanni. Mutumin da ko kaza za a yanka sai ya ɓuya bayan ɗaki, shi ne yau yake cika baki da jinin mahauta.

Mma ta sa na kira mata shi a waya.

"Auta, ka zana mini babanka. Fuskar kawai nake so, in rataye a ɗaki."

"Mma, ki kwantar da hankalinki. Tablo zan yi miki, babban zane wanda ba a taɓa yin irinshi ba."

Ya zo, ya ce hannunsa ba zai motsa ba sai ya taka Dapaong, inda Baba yake zuwa sayen shanu. Ni kuma dama can nake sarin albasa, sai aka haɗa ni da wannan kaya. A kara, kasuwar shanu, mutane na ciniki, shi ya tsaya tsakiyar shanu ya lumshe ido wai yana sauraren numfashinsu. Daga nan ya ja ni bayan gari, ya hau dutse ya sauko, ya rungumi kuka, ya durƙusa yana ɗibar jar ƙasa yana shinshinawa yana zubawa a leda. Wata Bamoba, 'yar ƙabilar yankin, mai ɗauke da itace ta tsaya ta ce mini, "Madam, ƙanenka ya yar da wani abu ne?" Na ce mata hankalinsa ne, kuma ya daɗe da faɗuwa.

Abu ɗaya ne ba zan yi masa ba'a a kai ba. Mu mahauta kowa da takensa na kalangu, wanda makaɗi yake tarbarsa da shi a bakin kasuwa. Tsohon da yake yi wa Baba kiɗa ya koma Dapaong wurin ɗansa, kuma Auta ne ya nemo shi. Tsohon ya matse kalangun a hammata ya saki taken Baba. Wallahi sai da na yi kuka har da majina, don na ji kamar yanzu zai shigo yana goge hannu a riga. Auta yana gefe yana naɗa a wayarsa.

Na ce masa, "Ga wanda ya daɗe yana kallon Baba. Tambaye shi hancinsa, tambaye shi goshinsa."

Ya dube ni da tausayi, irin na wanda ya yi lekol, wato boko, mai zurfi. "Yaya, fuska ai fata ce kawai. Ni ruhinshi nake nema."

Da muka dawo Sokode ya kame zaure. Ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, ya kwaɓa jar ƙasar da ƙaro, ya ɗauko tsohuwar wuƙar fawar Baba yana shafa launi da ita. Taken nan kuwa ya yi ta maimaituwa daga wayar har maƙwabta suka fara tambaya ko mun koma fawa ne. Mma ta hana kowa tari a tsakar gida, ta yi ta aika masa fura. Ta sa aka shafe bangon ɗakinta da farar ƙasa, aka kafa ƙusa daidai inda idonta zai faɗa in ta farka.

Ranar da ya gama, ya shigo da abin a lulluɓe, da wata hula mai faɗin faifai a kansa da baƙin tabarau, ya yaye zanin. Ja ne malale, da baƙaƙen layuka a karkace, da wani farin ɗigo a gefe. Ya fara bayani. Jan nan hanyar Dapaong ce, layukan nan bugun kalangu ne, farin kuma shirun da Baba ya bari. Ni dai na kama bakina don kada in yi saɓo.

Mma ta matsa kusa, ta bi zanen da ido daga sama har ƙasa, ta koma ta sake bi. Ta ce Allah ya yi albarka. Sannan ta nuna masa tabarma a bakin ƙofa, inda haske yake.

"Zauna nan. Cire hular nan. Cire tabarau. Kuma don Allah ka yi shiru."

Ya zauna. Ta tallabi haɓarsa ta juya shi wajen haske, ta bi goshinsa da yatsa har kan hanci, hawaye na zubo mata. A hankali ta ce, "Ga shi nan." Haka ta riƙe shi har aka kira la'asar.

Ta roƙe shi ya ƙara ko mako guda. Ya ce ana jiransa a wani baje koli. Washegari ya hau motar Lome ya tafi da fuskar, ya bar mata tablo a jikin ƙusa.