Hadarin da Bai Haɗo Ba

Ƙarnin kifin ƙanƙara ne ya tayar min da wannan zance. Ranar Asabar na tsaya a kasuwar Kubwa, mai kifi ya ɓalle sabon kwali a gabana, wani sanyi mai ƙarni ya bugi fuskata, sai na ja da baya na dafa teburinsa. Ya ce, "Madam, lafiya?" Na ce lafiya lau, rana ce. Ta ina zan fara gaya masa cewa irin kifin nan daga tekunan arewa masu sanyi ake kawo shi, kuma a bakin ɗaya daga cikinsu aka binne mahaifina?

Ina 'yar firamare a lokacin. Muna zaune a gidajen ma'aikata na Kubwa, irin masu ɗaki biyu da falo, waɗanda in maƙwabci ya yi atishawa kai za ka ce masa sannu. Baba yana aiki a wata ma'aikatar tarayya. Umma tana koyarwa. Kaka, mahaifiyar Baba, ta dawo wurinmu tun bayan rasuwar kakana, ta baro ƙauyensu na bakin kogi ba da son ranta ba. Kullum sai ta yi wa Abuja tsiya, wai gari ne da aka gina wa motoci, mutane suka zo cin arziki.

Abu ɗaya ta yaba wa garin, shi ne sararin samansa. Da la'asar ta yi za ta ja kujerarta 'yar tsugunno zuwa bakin ƙofa, ta fuskanci gabas, wajen duwatsun nan na hanyar Bwari, ta zura wa sama ido kamar mai jiran baƙo. Matan layinmu, Hausawa da Gbagyi da 'yan Filato har da wata Bayarbiya mai sayar da burodi, ba mai shanya wanki da damina sai ta leƙo ta ce, "Mama, a shanya?" In Kaka ta ce a shanya, to a shanya. In ta taɓe baki ta ce a bari, wadda ta ƙi ji za ta kwashe kayanta a jiƙe, ta kuma sha dariya.

Ba don wanki ta koyi wannan ba. Kogin ƙauyensu da rani yashi ne zalla, a kansa ake tallar gyaɗa, yara su yi langa, shanu su ratsa. Da damina kuwa yakan cika cikin ƙiftawar ido. Tana budurwa ya tafi da ƙanenta, wanda ya ga hadari ya haɗo ya ce zai riga shi hayewa. Tun daga nan ta ɗora wa duk wanda ta haifa doka ɗaya, mu jikoki ma ba mu tsira ba. "Ruwa ba ya zuwa sai ya aiko," haka take cewa. "Kafin ka sa ƙafa a yashin kogi, ɗaga kai ka duba sama. In ka ga hadari ko walƙiyar nesa, koma gida. In tas take, haye abinka." Baba ya taso da wannan a kunnensa. Yana babban ma'aikaci mai ɗaura agogo, amma ko kwalbatin bayan gidanmu zai tsallaka sai ya ɗaga kai, Umma tana yi masa dariya.

Sai ofis ya tura shi kwas na wasu watanni a wani gari da ke bakin teku, can arewacin Turai. Tare suka tafi da abokin aikinsa, wani Kirista ɗan Filato da ke ƙarƙashinsa a ofis, maƙwabcinmu ne kuma. Kawu muke ce masa. Mutum ne mai fara'a, ya iya Hausa irin ta Abuja, wadda mace ke zama namiji, namiji ya zama mace, ba mai damuwa.

Duk ƙarshen mako Baba yakan kira wayar Umma. Kaka ba ta karɓa, wai abin yana sa mata ƙaiƙayin kunne. Sai ta zauna kusa tana gyaran wake, tana aiko ni da tambaya. Baba ya ba mu labarin sanyin da ke shiga har cikin haƙori, da iskar teku mai ɗanɗanon gishiri wadda ba ta hutawa, da hazon da kan rufe gari har ka kasa ganin hannunka. Ya ce ruwan samansu ba shi da tsawa ba shi da walƙiya, yayyafi ne kawai yini guda, kamar mai jin kunyar zuba. Ya ce kowace safiya rediyo na karanto wa masunta yanayin teku, ƙarfin iska da tsayin igiyar ruwa. "Ki gaya wa Inna," in ji shi, "a nan rediyo ce ta ƙwace mata aiki."

Kaka ta ce, "Tambaye shi, yana duba gabas?"

Na tambaya. Ya yi dariya ya ce a can daga yamma ruwa ke tahowa. Kaka ta ajiye faifai ta riƙe baki. Ta ce ƙasar da ruwanta ke zuwa ta yamma, ai komai nata a juye yake, ya dai gama abin da ya kai shi ya dawo.

Bai dawo ba. Wata ranar Lahadi da hantsi waya ta yi ƙara, Umma ta ɗauka, na ga ta zame jikin bango ta zauna a ƙasa. An ce Baba ya nutse. An samu gawarsa washegari, Musulmin garin suka yi masa sutura suka binne shi a can. Ba mu ga likkafani ba, ba mu ga makara ba. Mutane suka cika gida suna ta'aziyyar mutumin da takalmansa na zuwa masallaci ke nan a bakin ƙofa.

Bayan an yi bakwai Kawu ya dawo da akwatin Baba. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya durƙusa a gaban Kaka, Baffa ƙanen Baba yana gefe, Umma tana bayan labule, ni ina maƙale da ita. Kaka ta ce masa, "Kai ne kana wurin. Me ya faru?"

Ya ce, "Mama, hadari ne. Hadari ya samu oga a cikin ruwa."

Haɗari yake nufi, wato tsautsayi. Amma harshen Kawu bai taɓa iya lanƙwasa wannan harafin ba, ko ɗaya zai ce sai ya ce daya. Kaka kuwa kalma ɗaya ta sani da ke tafiya tare da ruwa. Ta ɗago kai a hankali ta ce, "Hadari? Yana ganin hadari ya shiga ruwa?"

Kawu ya buɗe baki zai gyara, Baffa ya dafa masa gwiwa. Ya ce, "Inna, ƙaddara ce, sai haƙuri." Aka bar zancen a haka.

Ka san akwai baƙin cikin da ke sa mutum kuka, akwai kuma wanda ke ƙeƙashe shi. Na Kaka ya ƙeƙashe ta. Ba ta fasa yi wa Baba addu'a ba, amma a bushe take yi. In an ambace shi sai ta ce, "Allah ya ji ƙansa, bai dai ji magana ba." Ta ce abu ɗaya ta roƙe shi a duniya, ya je gaban Turawa ya watsar. Umma takan ce, "Inna, ki yafe masa, ki sa masa albarka." Sai ta kau da kai ta ce ita ba ta riƙe kowa ba. Amma albarkar ba ta fito daga bakinta ba. Na girma ina jin malamai na faɗin abin da fushin uwa ke jawo wa ɗa, ina tuna mahaifina kwance a ƙasa mai sanyi, shi kaɗai, babu mai ziyara, ga kuma wannan a kansa. Abin yakan hana ni cin abinci.

Sai da na shiga jami'a na san gaskiya. Na je gaishe da Kawu bayan ya yi ritaya ya buɗe shagon kayan mota a Apo, zance ya kawo zance, ya ga na yi girman da zan iya ɗauka. Ya ce tekun can ba kamar kogi ba ne. Watan da ke sama ne ke jansa, sau biyu a rana yana janyewa ya dawo. A wannan gaɓar kuma ƙasa shimfiɗe take, in ya janye sai ya yi nisan da ido ba ya ganinsa, ya bar yashi fetal. In zai dawo ba ya jiran gajimare, ba ya ƙara, kuma ba ta gaba kaɗai yake zuwa ba. Yakan biyo ƙananan kwazazzabai ya zagayo ta bayan mutum, kafin ka ankara kana tsaye a tsibiri, tsibirin kuma yana ƙanƙancewa. Baba ya san wannan a takarda, kamar yadda duk ɗan boko ya sani. Amma ranar ce ta farko da rana ta fito tun zuwansu, ya ga yashi irin na gida, ƙafarsa ta bi abin da ta saba.

Na tambayi Umma dalilin ɓoyewa. Ta ce Baffa ya ga gara Kaka ta yi fushi da mamaci, da ta san cewa maganarta ce ya bi ya mutu. Na fahimce su, wallahi na fahimta. Amma mahaifina ake ajiye wa laifin da bai yi ba, ga Kaka ta tsufa, ƙafa ta fara ƙi, in ta tafi a haka shi ke nan. Na yi ta roƙo har Umma ta gaji ta ce in yi abin da na ga dama, ba ruwanta.

Da la'asar muka zo da Kawu, farkon damina ne. Kaka tana bakin ƙofa a kan kujerarta. Ya cire hula ya durƙusa kamar wancan karon, gwiwoyinsa suna ƙara.

Ya ce, "Mama, na zo in gyara magana. Bakina ne ya yi kuskure tun lokacin. Babu hadari a ranar. Sama tana fes, ko gajimare babu."

Kaka ta ce, "To me ya kawo ruwan?"

"Haka ruwan wurin take, Mama. Tana tafiya, tana dawowa da kanta. Ni na ji sanyi na zauna a kan dutse. Oga ya tsaya a bakin yashi, ya duba gabas, ya juya ya duba yamma. Ya yi dariya ya ce, yau ko Inna ce a nan za ta ce in haye."

Ina kallon hannun Kaka a kan carbi, yatsun sun tsaya cak. Na tsorata, na ce a raina na kashe tsohuwar nan. Can ta ce, "Ya duba?"

"Ya duba, Mama. Da idona na gani."

"Ashe ya duba," ta ce. "Ashe yaron nan ya ji magana."

Daga nan ta yi abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Baba ɗanta ne na fari, ita kuma irin matan da ne masu kunyar ɗan fari, waɗanda ba sa kama sunansa, ba sa yi masa wasa, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo, ubanki take ce min, ko wancan. A ranar ta buɗe baki ta kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi, kamar yana ƙarshen layi ta hango shi. Ta sake kira. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Ni ce ban san akwai irin wannan ruwan ba." Sannan kukan da ta riƙe shekara da shekaru ya ɓalle, Umma ta fito daga ɗaki da gudu ta rungume ta, Kawu yana durƙushe yana share fuska da hularsa.

Ba ta yi tsawon rai sosai bayan nan ba. Har yau Baffa yana ganin na gajarta mata kwana, kuma ban taɓa yi masa musu ba, don ni ma ban sani ba. Abin da na sani shi ne duk safiyar da ta rage mata, sai ta sa wa Baba albarka kafin ta karya.

Yanzu zamani ya juya. 'Yan matan yau suna goya ɗan fari suna kiran sunansa a tsakiyar kasuwa, su ɗora hotonsa a waya duniya ta gani, tsofaffi na cewa kunya ta ƙare. Ni ban cika sa baki ba. Da na haifi nawa aka mayar masa da sunan Baba, dangi suka ce sai a sakaya, a riƙa ce masa Abba, tun da ɗan fari ne kuma sunan mahaifina ne, nauyi biyu ke nan. Kowa Abba yake ce masa. Ni kaɗai nake kiransa da sunan, a gida da waje, surukata tana harara ta. In ya fita ƙwallo magariba ta kawo jiki, nakan tsaya a bakin get in ƙwala masa kira da dukkan muryata. Wani lokaci yana kusa, na gan shi sarai, amma sai na kira, don kawai in ji an amsa.