Allurar Baffa a firijin shagonmu

Shekarun baya, bazarar da na gama sakandare, mahaifina ya tafi Goronyo cirar albasa, ya bar mini shagonsa na Wurno har sati uku. Yogot da fura da zoɓo muke sayarwa, cikin firiji mai ƙofar gilashi da ke aiki da sola. A can sama cikin firijin akwai wani ɗan gwangwani. Allurar ciwon suga ce ta wani dattijo maƙwabcinmu da muke kira Baffa. Gidansa babu wuta, shi ya sa yake ajiye ta wurinmu.

Da zai tafi, mahaifina ya miƙo mini burushi. Ya ce, "Duk kwana biyu ki share bayan firijin ga. Kuma kada ki bari shi taɓa bango."

Ni kuwa gaban ne ya ɗauke mini hankali. Kullum ina goge gilashi, ina jera jan zoɓo kusa da farin yogot. Tazarar da ke bayan firijin ta yi mini muni, sai na tura shi ya manne da bango, na lulluɓa masa leshi mai furanni. Na ja da baya ina kallo kamar wadda ta gama jeren ɗakin amarya. Burushi kam ban sake tunawa da shi ba.

Fitilar ciki na ci, injin na ƙugi. Masu saye suna cewa sanyi ya ragu, ni ina ɗora wa zafin gari laifi.

Ranar da mahaifina ya dawo, a gadon asibiti ya tarar da Baffa. Suga ya hau masa, alhali bai fasa allura ko sau ɗaya ba. Daga can mahaifina ya wuto shago, ya sa hannu cikin firijin, sannan ya jawo shi. Ragar baya ta toshe da datti da ɓawon albasa, ga zafi kamar tanda.

"Ta ina kika so shi sha iska?" Iyakar abin da ya ce ke nan.

Washegari na je asibiti, na durƙusa gefen gadon.

"Baffa, ni na ɓata maka magani."

"Mi kika yi, ɗiyata?"

Na faɗa masa komai, har leshin. Sannan ya ce, "In an sallame ni, hannunki zan ba sabuwar allurar. Ke kin ga abin da waccan ta yi mani. Ba wanda zai kula da ita kamarki."

Haka kuwa ya yi, shekara huɗu, har Allah Ya karɓi abinsa.

Har yau nakan ji da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi, in yi kukana in manta. Amma sai ya sake damƙa mini ransa, ni da na kusa salwantar da shi. Ban taɓa ɗaukar abin da ya kai wannan nauyi ba, kuma ban sauke ba tukuna.