Kan Barewata Yana Garejin Jedidiah Nyam

An ƙone mini ƙahonina. Da wannan zan fara, ko an so ko ba a so ba, domin in ban faɗa ba, ba za a gane abin da mamacin nan ya yi mini ba. Shekarar da 'yata Angelina ta kawo ni Birmingham aikin ido, ƙannena suka shiga ɗakina a ƙauye tare da wani baƙon mai wa'azi. Suka sauke ƙahon gwanki da na mazo da duk abin da na rataye tun ina saurayi, suka tara a tsakar gida suka cinna wuta, wai kayan tsafi ne. Ni da aka yi wa baftisma tun ba a haifi mai wa'azin ba! A garinmu idan maharbi ya mutu, ana fito da ƙahonin da ya kaso a jera a ƙofar gida, masu zuwa gaisuwa su san wane ne ya tafi. Ni nawa sun zama toka ina da rai. Har yau babu wanda ya ce mini yi haƙuri. A nan unguwar Handsworth ta Birmingham kuwa, idan na ce ni maharbi ne, sai yara su yi murmushi su ci gaba da danna waya.

Mutum ɗaya ne bai yi murmushin nan ba, shi ne kuma Ubangiji ya kira ranar Talata, goma ga watan Yuni na shekarar 2025, a asibiti a Manchester. Jedidiah Nyam, mijin Rhoda, uban Jabez. An ce zuciya ce. Ni Dung, ban yi makaranta ba, a ajin manya na majami'a na koyi haɗa baƙi, saboda haka a karanta rubutuna yadda yake, kada wani ya gyara mini magana.

Jedidiah, ɗana, wasu da za su karanta wannan ba su san sana'arka ba, don ba ka cika faɗa ba. A gida sai mu ce majemi, amma aikinka ya wuce jima. Kai ne ake kawo wa kan dabbar da aka harbo, ka feɗe, ka jeme fatar, ka sassaƙa mata jiki, ka sa ido, ka ɗinke, ta koma bango tana kallon mutum kamar yanzu za ta girgiza kunne. Wurin wani tsohon Bature ka koya, ka yi masa shara ka yi masa wanke-wanken wuƙaƙe har ya bar maka kayan aikinsa.

Ga yadda na same ka. Surukina Samuel ya gaji da mitata, bara da zafi ya kai ni wata gona inda ake barin mutum ya yi harbi, da mai kula da dajin tsaye a kafaɗarsa. Bindigarsu ce, dokarsu ce, na bi. Allah ya ba ni namijin barewar ƙasar nan, ƙarami ne, bai kai cinyar gwanki ba, amma hannuna ne ya kayar da shi. Na ce nama a raba, kai kuwa nawa ne, a bango zai zauna. Muka zo da shi gida aka sa a firizar kicin, tsakanin kifi da kaji.

Daga nan neman mai gyara ya fara. Samuel ya nemo wani a waya, hotuna kyawawa, ya ce a tura kan ta gidan waya kawai. Na ce ban taɓa ba wanda ban ga idonsa ba ajiya, ba kuma yau zan fara ba. Muka je. Tun daga ƙofa warin ruɓa ya gaishe ni. Dabbobin da ke bangonsa duk idonsu a zare, kamar akuyar da ta ga mahauci. Na juya. Na biyu ya ce sati biyu ya gama, na ce fatar da aka jeme a sati biyu ko takalmi ba na so da ita. Na uku ya ce in ina so zai sa mini ƙaho mafi girma, babu wanda zai sani. Na ce ni zan sani. Samuel ya ce, "Baba, kai ba a iya maka." Angelina kuwa duk buɗe firiza sai ta yi ido huɗu da barewa. Rannan ta ce, "Baba, ko kan nan ya bar gidan nan ko ni in bar muku shi." A majami'a ne wata mata ta ce ai akwai wani namu a Manchester, can bayan Fallowfield, mai irin wannan aiki a gareji.

Na hau bas ni kaɗai, da akwatin ƙanƙara a kan cinyata. Na same ka da gilashi a goshi, hannu duk gishiri. Garejin ba wari, sai ƙamshin katako. Ka buɗe akwatin, ka juya kan, ka duba wuyan. Sai ka ce, "Baba, wa ya yi wannan yankan?"

Na ce ni ne.

Ka ce, "Ka yanka maƙogwaro kamar za a kai tukunya. Wuyan ne rabin aikin, ga shi ka raba shi biyu."

Raina ya ɓaci. Na ce haka ubana ya koya mini, dabba in ta faɗi a yanka ta. Ka yi dariya ka ce naka uban ma haka, kuma za ka ɗinke a ƙarƙashin gashi, amma kada in yi tsammanin ba za a ga alama ba ko kaɗan. Kai ne na farko da ya faɗa mini abin da ba na son ji. Sannan ka ja mini kujera ka ce, "To, Sarkin Baka, da ya hango ka, yaya ya tsaya? Wane kunne ya fara juyawa?" Tun da na zo ƙasar nan babu wanda ya yi mini tambaya irin wannan. Na tashi tsaye da tsufana na kwatanta maka, ka zana a jikin allo. A ranar na san na sami mai amana.

Alherinka bai tsaya a kaina ba. Gangar majami'armu da ta fashe, kai ka sake mata fata, ka kawo har Handsworth, ka ƙi karɓar ko kuɗin mai. Lokacin da aka sake yi mini aikin ido, ka zo ka zauna bakin gadona ka sa na ba ka labarin gwankin da na kashe a gida tun daga sawu har faɗuwa, ko da yake ka riga ka ji shi ba sau ɗaya ba. Akwai wata tsohuwar Baturiya da ta kawo maka tsuntsunta da ya mutu tana kuka, a gabana ka ce mata ta koma gida ta yi wata guda, in har yanzu tana so sai ka yi. Ka ce mutum cikin baƙin ciki ba ya sanin abin da zai iya kallo kullum.

Amma ina da ƙara a kanka, kuma zan faɗa, don ba ka saba jin ƙarya daga bakina ba. Na roƙe ka ka sa aikina gaba. Na ce ni tsoho ne, gwiwa ta tafi, ido ya tafi, ban san ko zan ga wata shekara ba. Ka ce akwai mutane a gabana, su ma ka yi musu alkawari. Na ce ai ni naka ne, yare ɗaya, dutse ɗaya. Ka ce, "Shi ya sa za ka fi su haƙuri." Na yi fushi na daina ɗaga wayarka har Kirsimeti ta wuce. Ka cire ƙahon ka wanke ka ajiye a kan kantar garejin, fatar kan ka naɗe ka sa a babbar firizarka, ka ce da zafin bana za ka fara. Duk lokacin nan tsorona kada in mutu ban gani ba. Ban taɓa kawo wa raina cewa kai, da na girme ka da shekaru masu yawa, kai ne za ka riga ni ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Wutar garejin nan irin mai mita ce da ake sa wa kuɗi a shago. Na gani da idona, muna cikin hira ka tashi ka ce bari ka je ka ciyar da mita, domin in ta ɗauke kwana biyu, duk abin da ke firiza ya tashi aiki. Kai kaɗai ke yin wannan. Rhoda ba ta shiga wurin, ta ce idanun nan suna bin ta. Jabez kuwa, kai ka faɗa mini da bakinka, a makaranta cewa yake yi kai kafinta ne. Ban ga laifinsu ba. Amma wa ya san da mitar nan in ba ni ba? Ga zafi ya shigo, ga binnewa a ƙasar nan sai a yi makonni ana jira.

Na sa Angelina ta kira, aka ce ana cikin makoki. Na sa Samuel ya tura wa Jabez saƙo, shiru. A zaman gaisuwa na matsa kusa da wani dattijon majami'arku na fara magana, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, ba yau ba." Angelina ta ce na ba ta kunya, ana kukan mutum ina maganar barewa. Na san yadda abin yake a kunne. Amma fata ba ta san makoki ba. Kuma ba tawa kaɗai ce a ciki ba, akwai ajiyar mutane da suka zaɓi Jedidiah don sun ga ba irin sauran ba ne. In ta ruɓe, za su ce ashe duk ɗaya suke, shi kuma ba ya nan balle ya kare kansa.

Ranar Asabar da ta wuce na saci jiki na sake hawa bas. Na sami garejin da kwaɗo. Na manna kunnena a ƙofar ƙarfe ko zan ji gurnanin firiza. Kunnen dama bindiga ta cinye shi tun a gida, na hagu ma saura kaɗan. Wani lokaci sai in ji kamar tana yi, wani lokaci sai in ga motocin titi ne. Na durƙusa na shinshina ƙarƙashin ƙofa, ban ji komai ba, amma hancin tsoho ba abin dogara ba ne. Na tsaya har wata maƙwabciya ta leƙo ta taga tana kallona kamar ɓarawo, sannan na dawo Birmingham ban san komai ba.

Jedidiah, Ubangiji ya karɓe ka cikin hutunsa. Ya gafarta maka kurakuranka, ya sāka maka da gaskiyar da ka riƙe a aikin da ba kowa ke ganin darajarsa ba. Fushin da na yi maka na janye shi, kai ma ka yafe mini. Rhoda, 'yata, Allah ya ta'azantar da ke, ya tsaya miki a inda mijinki ya tsaya. Jabez, Allah ya raya ka, ya ba ka zuciyar ubanka. Ina yi wa dangi na nan da na gida ta'aziyya, da ikilisiyar Manchester baki ɗaya.

Saura abu ɗaya. Ban ce a gama mini aikin ba, wanda zai gama shi yadda nake so ya tafi. Ban ce a dawo mini da komai yau ba. Makullin garejin nan yana hannun wani a cikinku, kuma yana karanta wannan. Ka je ka buɗe, ka ɗaga murfin firizar, ka sa hannu ka taɓa. In da sanyi, ka ciyar da mita ka kira Angelina. In kuwa ta riga ta narke, kada a ɓoye mini don ni tsoho ne, na ga ruɓaɓɓen nama kafin yau. Wa ke riƙe da makullin? A ba ni amsa.