Kyanwar Kawu da gwangwanin kifi

Lokacin da nake karatu a Lyon ta ƙasar Faransa, wajen tsakiyar shekarun tamanin, duk hutu nakan hau jirgin ƙasa in tafi Paris wurin kawuna, yayan mahaifiyata. Yana da ɗan shagon atamfa a unguwar Château Rouge, matarsa da 'ya'yansa kuwa suna Maradi. Shi kaɗai yake zaune, sai wata kyanwa mai launin toka da ya gada daga tsohon mai shagon. Bai taɓa sa mata suna ba. In an tambaye shi yakan ce don ɓeraye ya bar ta.

Wani hutu na iso na tarar ta rame, ƙashin bayanta duk a fili. Shekara da shekaru abincinta guntayen nama ne da mahaucin kusa da mu ke ba Kawu. Yanzu sai ta sansana, ta ɗan lasa, ta koma ƙarƙashin tebur ta kwanta.

"Kwana huɗu ke nan, ɗiyata," in ji Kawu. "Na yanka mata ƙanana, ta ƙi."

Ni na kai ta wurin likitan dabbobi, don faransancin Kawu na ciniki ne kawai. Likitan ya buɗe bakinta ya nuna mini. Tsufa ne, haƙoran sun kusa ƙarewa. Ya ce a koma ba ta abincin gwangwani mai laushi, kuma kada tsada ta ruɗe ni. In karanta bayan gwangwanin, in ga an rubuta cewa cikakken abinci ne, sannan nama ko kifi ne farkon abin da aka jera, ba hatsi ba.

Washegari Kawu ya rufe shago da hantsi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa wani babban kanti. Ya tsaya gaban jerin gwangwanaye masu hoton kyanwoyi, hannuwa a baya, ya daɗe yana kallo. Shi ajami yake karantawa, bai yi boko ba.

"Karanta mini wannan."

Na karanta: nama da sauran sassan dabbobi.

"Waɗanne dabbobi?"

"Ba su faɗa ba, Kawu."

Ya mayar da shi. Ya ce a shagon yake salla, ba zai shigar da abin da bai san ko da alade a ciki ba. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu kyan takarda, waɗanda ke daidai ido, sun fi ƙarfin aljihunsa in za a saya kullum. Mafi arha kuwa da na girgiza shi sai na ji yana ƙara kamar ruwa a buta. Wata tsohuwar Bafaransa da ke tura keken sayayyarta ta gan mu muna ta juya gwangwani. Ta sunkuya da kyar ta zaro wani daga can ƙasa, ta ce nata kyanwoyi biyu shi suke ci. Kifi ne farko a jerin, babu maganar wasu dabbobi, kuɗinsa kuma tsaka-tsaki. Kawu ya sa na karanta masa sau biyu, sannan ya ɗauki uku don gwaji.

A shago ya buɗe da kansa, ya zuba a murfin kwano, ya ɗan diga ruwan ɗumi ya murje da cokali. Kyanwar ta fito ta ci rabi. Kawu ya koma yana ninke atamfar da take a ninke, yana satar kallonta. Kafin hutuna ya ƙare ta soma hawa tebur kamar da.

Bayan shekara guda gwiwoyinsa suka matsa masa, ya sayar da shagon zai koma gida. Wanda ya saya ba ya son kyanwa. Kawu ya rako ni tasha da ita cikin kwando, da jaka cike da gwangwanaye, ya kuma ɓare takardar guda ɗaya ya ba ni don kada in manta irinsa.

A Lyon ban sami irinsa ba. Da jakar ta ƙare sai da na zagaya kantuna uku ina karanta bayan gwangwani, na sayi iri biyu da ta ƙi, kafin na dace da wanda ta yarda da shi. Ɗakina ƙarami ne, a hawa na biyar, ta zaɓi bakin taga ta zauna. Kusan shekara biyu muka yi tare.

Da ta mutu na rubuta wa Kawu wasiƙa. Amsar ta zo bayan wata guda, da rubutun ɗiyarsa. Ya gaishe ni, ya ce Allah ya saka mini da alheri, ya kuma tambaya ko ta sha wahala. Na rubuta masa cewa a'a, ta ci abincinta da safe, na dawo daga makaranta na tarar da ita a kwance.