Ranar da mai ƙungiya ya riƙe lauje

Shekarun baya, lokacin ban ajiye wannan tumbin ba, ni ne mai lamba huɗu a ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a nan Kontagora. Kada ku yi dariya, da gaske nake. Gasar jiha muke bugawa, kuma kowace shekara muna can ƙasa-ƙasa, mu ba mu faɗi ba, mu ba mu hau ba. Rigunanmu sun koɗe har ba a gane lamba, ranar wasan waje kuwa a bayan motar masara muke tafiya.

Abin alfaharinmu ɗaya ne, golanmu. Abokina ne tun muna sakandare, Bakambare ne daga wani ƙauye a gefen Nasko, dogo, marar surutu. In don ta mu 'yan baya ne, da kullum sai an cika mana raga.

Ana haka sai wani Alhaji mai harkar hatsi, wanda tirelolinsa ke lodi zuwa Kudu, ya ce ya karɓi ƙungiyar. Kai jama'a! Kafin ka ce me, ga sabuwar bas da sunanmu a jiki, ga riguna kala biyu, ga koci daga Jos, ga 'yan wasa an kwaso daga Kaduna da Inugu an kama musu gida guda. Mutanen gari suka rabu biyu. Wasu na cewa Allah Ya saka masa, wasu na cewa wannan ai sayen nasara ne, ba ƙwallo ba.

Ni ina cikin na biyun, kuma ina da dalili. Ran da sabon koci ya gwada mu, gudu ɗaya ya sa mu, ya dube ni ya ce, "Malam, kana da sana'a?" Na ce ina da shagon kayan babur. Ya ce, "To ka riƙe ta da kyau." Shi ke nan fa, aka sallame mu kaf. Abokina kaɗai aka bari, shi ma a benci, don an kawo wani gola mai safar hannu kamar ta 'yan Turai.

Gaskiya dai kuɗi sun yi aiki. Aka dinga cin wasa, ni ina gefen fili ina tsaki, in an ci kuma in manta in yi tsalle. Har aka kai wasan ƙarshe da za a buga a Minna ranar wata Asabar, wanda ya ci shi ne zai hau rukunin ƙasa. Saura 'yan kwanaki sai golan nan na haya ya goce a kafaɗa wajen atisaye. Koci ya waiga ya ce a kira abokina. Aka duba, ba ya gari, ya tafi gida girbi.

Abokin nawa ya kira ni da kansa, muryarsa a sanyaye. Ya ce, "Abokina, Asabar ɗin nan ranar gayyar maƙwabcinmu ce. Ya zo mana tamu da 'ya'yansa duka. Baba ya ce ba inda za ni."

Ga wanda bai sani ba, a wajensu gayya ba taimako ba ce da za ka yi in ka ga dama. In mutum ya zo gonarka, ranar tasa dole gidanku ya fitar da namiji, in ba haka ba an daina gaisawa. Babansa ya tsufa, ƙannensa mata ne. Da can in haka ta taso, mu 'yan ƙungiya muke zuwa a madadinsa, ko mu je tare mu gama da wuri. Amma abin da ya fi damuna, na san shekarun da abokina ya yi yana tare ƙwallo a filin da ba ciyawa, yana jiran rana irin wannan. In ta wuce shi ba za ta dawo ba, don ya fara manyanta.

Alhaji da ya ji, sai ya yi abin da ya saba. Ya tura direbansa wurin tsohon da ambulan ɗin kuɗi, ya ce a ɗauki 'yan ƙwadago a cika gonar maƙwabcin da su. Direba ya dawo da ambulan ɗin ko buɗewa ba a yi ba. Sai aka tuna da ni, aka ce ni na san gidan, in je in ba tsoho baki.

Na hau babur na tafi. Na tarar da shi a gindin bishiyar ɗorawa yana wasa lauje. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ni zan tsaya wa ɗanka ranar Asabar, kamar yadda muka saba."

Ya dube ni sama da ƙasa. Da irin Hausarsa ya ce, "Kai ba an kore ka ba?"

Na ce, "E to, Baba, an ɗan sallame mu."

Ya ce, "To a madadin wa za ka zo? Da, ƙungiya taku ce, ku ke zuwa. Yanzu an ce tana da mai ita, har ya aiko a saya mini mutunci wajen maƙwabcina. In yana son ɗana ranar, ya zo ya riƙe laujen ɗana. In ba zai zo ba, a bar mini yaro."

Na san tsohon nan ya faɗi haka ne don ya rufe maganar. Na dawo na sami Alhaji a ofishinsa, na maimaita masa kalma-kalma, har da ɗan gishiri, don ina so in ga yadda fuskar mai kuɗi ke yi in an ce masa a'a. Ya ci gaba da juya carbinsa. Koci ya ce a nemo wani gola, aka ce an rufe rajista tuntuni.

Can sai Alhaji ya ce, "Shinkafa ce ko dawa?"

Na ce, "Shinkafa ce, ranka ya daɗe, a fadama."

Ya ce, "Ni ma a fadama na tashi. Tsoho ya fi ni gaskiya, ni na yi masa rashin kunya. Ka shirya ka raka ni."

Na ce, "Alhaji, ranar wasan ce fa!"

Ya ce, "Na sani. Ni ne zan tare ƙwallon?"

Aka aika wa tsoho cewa Alhaji zai zo, ya saki yaro. Ranar Juma'a bas ta tashi zuwa Minna da abokina a ciki, gari ya bi su a motoci. Ni da ban taɓa fashin wasan ƙungiyar nan ba, na kwana ina cizon yatsa. Asabar da sassafe muka isa ƙauyen. Alhaji ya tuɓe babbar riga ya ba direba, ya naɗe wando, ya je gaban tsohon ya rusuna ya ce, "Baba, ga ni. A yafe mini saƙon rannan." Tsoho ya miƙa masa lauje.

Da farko samarin ƙauyen sun ɗauka hoto ya zo ɗauka. Suka ba shi layin tsakiya don su sha dariya. Wallahi mutumin nan ya iya yanka, hannun ya tuna, jikin ne ya manta. Kafin hantsi ya jiƙe sharkaf, yana numfashi kamar tsohon injin niƙa. Maƙwabcin nan, mai gonar, ya zo ya ce ya huta haka nan, an karɓa. Alhaji ya ce, "Yaron da nake tsaya wa, yaushe yake tashi?" Aka ce sai an gama. Ya ce to shi ma haka. Ni kuwa da nake taƙama tsohon ɗan wasa ne, sau biyu ina zuwa shan ruwa ba don ƙishi ba.

Da rana ta take, matan gidan suka kawo tuwo, suka dama mana kunu daban, don sun san mu ba ma shan burkutun da sauran ke sha. Wani ya shimfiɗa mana buhu muka yi azahar. Hannun Alhaji duk ya yi bororo, wasu sun fashe. Ya ɗaure da hankici ya koma.

Bayan la'asar aka take wasa a Minna, mu kuma muna ɗaure dami. Fadamar ba sabis sai a kan wani suri, nan direba ya hau ya tsaya da waya a kunne, yana ƙwala mana rahoto. "Sun matsa mana!" Sai kuma, "Ya kama! Ya kama!" Sai sabis ya ɗauke, mu tsaya cirko-cirko. Tsohon da ya ce ƙwallo wasan yara ne, sai ga shi ya matso gindin surin yana tambaya, "Wa ya kama? Ɗana ne?"

Ci ɗaya muka yi, suka kasa farkewa. Da direba ya yi ihun an tashi, gona ta rikice, har waɗanda ba su san sunan ƙungiyar ba suna tsalle. Alhaji ya ɗaga hannu zai tafa, ya kasa. Sai ya zauna a kan damin shinkafa, ya rufe fuska da hularsa. Ni ma na juya baya, na ce ƙaiƙayi ne ya shiga mini ido.

Har yau in ana hira a shagona akwai masu cewa Alhaji sayen hawan nan ya yi. Ba na musu, don na ga bas, na ga 'yan haya, kuma ni aka kora don a ba su wuri. Amma ina ƙaunar mutumin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Masu kuɗi da yawa sun sayi ƙungiya don a gan su a kujerar gaba ranar murna. Shi ya biya komai, da ranar ta zo kuma ya bar wa wani kujerar.

Babu wanda ya ɗauki wasan a bidiyo, sai guntaye a wayoyin mutane, duk suna rawa. Yanzu Alhaji ya tsufa, ya bar wa 'ya'yansa harkar. Duk sallah muna zuwa gaishe shi ni da abokina, kuma da an gama gaisawa sai ya sa a rage ƙarar talabijin, ya gyara zama, ya ce wa abokina, "Yauwa, ɗan nan. Ba ni labarin wasan nan daga farko, kada ka tsallake komai. Ka san ni ban gani ba."