Mai Guga Ya Yi Mabiya

Shagon Mai Guga yana tsakanin kantin magani da rumfar mai gyaran fanka. Ɗan ƙuƙut ne, idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Tun yana saurayi yake cikinsa, ga shi har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Teburin guga ne da tsohon bargo a shimfiɗe, sai injin wanki da ke jijjiga kamar zai fita titi idan ya zo matsar kaya, sai riguna reras a jikin hanga, kowace cikin ledarta.

Wanki kam ya iya, amma ba wankin ne ya riƙe masa mutane ba, bakinsa ne. Mai wanki ya fi likita sanin unguwa. Ya san wandon da ya fashe aka ɗinke shi a gaggauce da zare mai wani launi. Ya san rigar matashin kai da kwalli ya ɓata don mai ita ta kwana tana kuka. Ya san mai kwat ɗaya tal, wanda kullum yake cewa sauran suna wajen tela. Duk abin da ya tsinta a aljihu sai ya miƙa wa mai shi yana kallon bango. Ko matarsa, wadda ta iya tatsar zance daga bakin kurma, ba ta taɓa samun komai a wajensa ba.

Ana nan sai aka buɗe sabon gidan wanki a bakin titi, mai ƙofar gilashi da babur na kai kaya gida. Hankalin Mai Guga ya tashi, ya daina cinye abincinsa. Matarsa ta kira ƙanwarta, wadda ke aiki a kamfanin talla, shi kuwa da ma Madam Talla yake kiranta don tsokana. Ta zo ta zauna a kan kifaffen bokiti, ta karɓi wayarsa, ta buɗe wa shagon shafi a dandalin sada zumunta.

"Yaya, ka saurare ni da kyau," in ji ta. "Za ka ga mutane suna danna 'yar zuciyar nan. Kada ta ruɗe ka, zuciya ba riga ba ce. Duk baƙon da ya shigo, ka tambaye shi a ina ya ji labarinka. Abin da za mu auna ke nan, cikin masu kallo nawa ne suka kawo kaya."

"In tambayi mutum a ina ya ji labarina? Ni ɓarawo ne?"

"Kai dai ka tambaya."

Bai tambaya ba. Hoton farko na allon shagon ne, ya samu zuciya daga matarsa da mai gyaran fanka, shi ma daga baya ya ce hannunsa ne ya zame. Haka aka yi ta lallaɓawa har ranar da aka kawo wata farar riga mai jan baki a wuya. Mai Guga ya jingina wayar da gwangwanin sitati, ya ɗauki bidiyon yadda yake fitar da tabon, yana bayani a hankali kamar mai koyar da darasi. Ba da wata manufa ya yi ba, aikin ne ya yi masa kyau. Sai wata ta rubuta a ƙasa: "Rigar nan kamar na san ta." Wata ta amsa: "Ni ma, kuma matar mai ita ba ta shafa irin wannan launin."

Kafin rigar ta bushe, wayar ta yi ta ƙara har ta zamo daga kan tebur.

Daga ranar Mai Guga ya zama wani mutum daban. Ya raɗa wa shirin suna Tabon Yau. Da asuba kafin ya kunna dutsen guga sai ya duba zukata, idan sun ƙaru yara su ga haƙoransa, idan sun ragu kowa ya kama kansa. Ya koyi sababbin kalmomi yana jefa su a hira: mabiya, masu sharhi, masu turawa gaba. Idan aka kawo kaya, maimakon ya duba irin yadin, sai ya hau bincikar tabo. Mai kawo kaya masu tsabta har haushinsa yake ji, ya ce a ransa wannan bai zo da komai ba. A titi samari suna ɗaga masa hannu suna cewa "Tabon Yau," shi kuma yana amsawa da ɗan sunkuyar da kai irin na manya.

Masu kallo sun kasu gida biyu. Akwai na garuruwa masu nisa, waɗanda ke yaba hannunsa suna cewa da ma yana kusa da su, kuma ko hankici ba za su taɓa kawowa ba. Akwai 'yan unguwa, su kuwa ba wanki suke kallo ba, canki-canki suke yi. A ga maɓalli a ce na direban motar makaranta ne, a ga ɗinkin aljihu a ce na mijin mai kitso ne. Mai Guga bai taɓa faɗin sunan kowa ba, kuma da wannan yake wanke kansa.

Abin ya fara ne da ban dariya. Mutane suka koma wanke kaya a gida kafin su kawo wanki. Mai kantin magani, maƙwabcinsa na jikin bango, ya kawo wando ya tsaya a kansa har aka jefa shi cikin ruwa. Sai kuma aka fara ganin babur ɗin sabon gidan wanki yana tsayawa a ƙofofin da a da ba ya tsayawa. Hangogi suka yi ta zama fayau, injin ya rage jijjiga.

"Mutane ne suka rage datti," ya ce wa matarsa.

"Ko kuwa sun rage kawo maka shi," in ji ta, ta ci gaba da tsefe kan 'yarta.

Madam Talla ta dawo. Ba ta ko zauna ba, ta nuna masa wayar, sannan ta nuna masa kwandunan da ke jere babu komai a ciki. "Yaya, wannan yana hawa, wannan yana sauka. Wanne ne ke ciyar da yayata? Ka daina nuna kayan mutane, ka sayi tsumma ka ɓata shi da kanka."

"Tsumma ba ya kawo sharhi," ya ce. "Ku 'yan ofis ba ku son ganin wani ya fi ku mabiya."

Ta dube shi, ta dubi yayarta, ta ɗauki jakarta.

A makon ne aka kawo kayan Hedimasta. Tsohon shugaban makarantar unguwar ne, ya daɗe da ajiye aiki, yana zaune shi kaɗai tun rasuwar matarsa. Riguna shuɗaye yake sawa masu aljihu biyu, ɗaya na biro ɗaya na tabarau, kuma duk wanda ya yi furamare a unguwar yana iya gane su daga nesa, har ya gyara tsayuwa. Wannan karon kowace riga da ɗigon miya da shayi daga wuya har ciki. Mai Guga ya ga abin nema ya samu. Ya jera su a tebur, ya bi su da waya ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Mai waɗannan rigunan, da alama shi da cokali ba sa jituwa."

Bai taɓa ganin zukata irin na ranar ba. Tsofaffin ɗalibai suka fito daga ko'ina. Wani ya rubuta cewa mutumin da ya sa shi tsallen kwaɗo don ɗigon tawada yau ga shi an kama shi. Mai Guga ya karanta wa mai gyaran fanka, suka yi dariya har da riƙe ciki.

Washegari da hantsi yana cikin amsa sharhi sai ƙofar ta yi duhu. Hedimasta ne da kansa, da ƙullin kaya a hammata. Mai Guga ya miƙe zumbur, ya ɓoye wayar a baya kamar ɗan aji uku.

"Barka da zuwa, Baba. Ai da ka aiko na je na karɓa."

Tsohon ya ajiye ƙullin a tebur. Bai ɗaga murya ba. "Hannuna ne ya fara rawa," ya ce. "Ya kwana biyu. Ban gaya wa kowa ba, don na san abin da zai biyo baya. Kai kaɗai ka sani, tunda kai kake ganin rigunan, kuma na ce a raina wannan ba ya magana."

Tsohon ya dafa ƙullin, ya ci gaba.

"Jiya 'yata ta gani daga can garin da take aure. Ta kira tana kuka. Ta ce ba zan ƙara zama ni kaɗai ba, suna zuwa su tafi da ni. Wataƙila ma ita ce da gaskiya." Ya dubi Mai Guga. "Sai dai da na so a ce ni na gaya mata."

Kunya ta lulluɓe Mai Guga tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya fara cewa ai bai faɗi suna ba, sai ya ji maganar ta yi masa ɗaci a baki, ya haɗiye sauran. Ya ce, "Baba, yanzu zan goge shi."

"Ka goge. Amma wanda ya gani ya gani." Hedimasta ya tura masa ƙullin. "Waɗannan zan tafi da su. Na je har ƙofar gilashin can na dawo, ban iya bai wa baƙo su ba. Ka wanke, ka goge, zan jira."

Ya janyo kifaffen bokitin ya zauna, sannan ya miƙo hannu. "Kawo wayar in riƙe maka."

Mai Guga ya miƙa masa. Ya tara ruwa, ya kwance ƙullin, ya sunkuya a kan baho yana cuɗa wuyan riga, bai ɗago kai ba. A bayansa saƙonni suna ta shigowa, wayar tana ƙara tana haske, tana rawa a hannun tsohon, har ya sa ɗaya hannun ya tallafe ta.